Motar Lantarki: Kuɗin Saye, Kuɗin Sayarwa da Wutar da Ke Gidanmu

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, maganar motar lantarki ta sauko daga shafukan jaridu ta shigo majalisun hira da garejin makanikai. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa naira dubu. Duk mai abin hawa ya koma lissafi. A Maiduguri gwamnatin Borno ta zuba motocin haya masu lantarki a kan titi tun ƙarshen 2023, a Sakkwato kuma akwai tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci ta kafa a 2021, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabantarta. Motar ta iso wurinmu ke nan, ko da ba ta yi yawa ba tukuna.

Tambayar da aka fi yi ita ce, nawa ake sayar da ita? Tambaya ce mai kyau, amma akwai biyu da ke biye da ita waɗanda ba kasafai muke yi ba: nawa za ta koma idan muka tashi sayarwa bayan shekara uku ko huɗu, kuma daga ina wutar da za ta sha kullum za ta fito? Amsar waɗannan biyun ita ke nuna ko mutum ya yi ciniki ko ya yi asara.

Mu fara da abin da ke cikin motar. Babu inji irin wanda muka sani, babu fulogi, babu salansa, babu juyen baƙin mai. Akwai na'urar da ke juya tayoyi, sai babban batir da aka shimfiɗa a ƙarƙashin kujeru. Ana auna girman batirin da kilowat-awa, wato daidai abin da muke kira yunit idan mun je sayen katin mita: yunit ɗaya shi ne wutar da na'ura mai jan wat dubu ke ci cikin awa guda. Ƙaramar motar cikin gari tana ɗaukar yunit 30 zuwa 40, matsakaiciya 50 zuwa 65, manya kuma su kai 80 ko 100. Wannan batir shi ne abu mafi tsada a jikin motar, kuma farashinsa ne ke jan farashinta.

Farashin nan kuwa sauka yake ta yi. Ƙididdigar da BloombergNEF ke fitarwa duk shekara ta nuna cewa a 2010 kowane yunit na batirin lithiyam ya haura dala 1,000, amma a 2024 matsakaicinsa ya dawo dala 115. Kamfanonin Sin, musamman BYD da CATL, sun faɗaɗa masana'antu fiye da yadda kasuwa ke iya shanyewa, suka kuma raja'a kan wani nau'in batir mai arha da ake kira LFP, wanda ba ya buƙatar ma'adanan kobal da nikel masu tsada. Shi ya sa a cikin Sin ake samun sabuwar BYD Seagull a kan kuɗin da bai wuce dala dubu goma ba. A 2024 an sayar da motocin lantarki kimanin miliyan 17 a duniya, har da masu haɗa batir da fetur da ake jonawa a caji, kuma fiye da miliyan 11 daga ciki a Sin aka sayar. A Norwe kusan tara cikin kowace mota goma sabbi da aka saya a shekarar, masu batir zalla ne.

Ga mai shirin saye wannan albishir ne. Ga wanda ya riga ya saya kuma labarin daban ne, domin babu mai biyan tsohuwa kuɗin da zai iya samun sabuwa da shi. Abin da masu lissafi ke kira faɗuwar daraja, wato bambancin da ke tsakanin abin da mutum ya biya da abin da za a ba shi ran da ya tashi sayarwa, shi ne kashe kuɗi mafi girma a mallakar kowace sabuwar mota, sai dai ba a ganinsa kullum kamar kuɗin mai, sai rana ɗaya ya bayyana gaba ɗaya.

Abin da ya faru a Amurka ya isa misali. A Janairun 2023 kamfanin Tesla ya wayi gari ya rage farashin Model Y daga dala 65,990 zuwa 52,990. Wanda ya saya a tsohon farashi ya yi asarar dala dubu goma sha uku motarsa na ajiye a gida, bai buga ta da komai ba. Kamfanin bayar da hayar motoci na Hertz, wanda a 2021 ya yi shelar zai sayi Tesla dubu ɗari, ya sanar a Janairun 2024 cewa zai sayar da motocin lantarki dubu 20, yana kukan tsadar gyara bayan haɗari da kuma zubewar darajarsu. Da waɗannan suka kwararo kasuwar motocin hannu, sai farashi ya ƙara yin ƙasa. Binciken da kamfanin iSeeCars ya fitar a 2025 ya nuna motar lantarki a Amurka na rasa kusan kashi 59 cikin 100 na kuɗinta a shekara biyar, alhali matsakaicin motoci gaba ɗaya bai kai kashi 46 ba.

Rage farashin sabbi ba shi kaɗai ne dalili ba. Gwamnatoci da dama sun riƙa ba masu sayen sabuwa rangwame, kamar sassaucin haraji na dala 7,500 da Amurka ta yi ta bayarwa har zuwa ƙarshen Satumban 2025, kuma mai sayen ta hannu yakan cire wannan daga abin da zai taya. Ga kuma saurin sauyin fasaha: motar 2018 da ke yin kilomita 250 a caji ɗaya tana gogayya da ta yau mai yin 450, mai kuma cika cikin rabin lokacin. Sannan akwai tsoro. Mai saye bai san lafiyar batirin ba, don haka sai ya taya kamar batirin ya kusa mutuwa, ko da lafiyarsa lau.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu dubi kanmu, domin mu a Najeriya mun saba da wani abu da ya saɓa wa yawancin duniya. Mota a wurinmu kadara ce. Mutum ya sayi Corolla 'yar Beljiyam, ya more ta shekara uku, ya kai wa dillali, a ba shi fiye da abin da ya biya, ya koma gida yana cewa ya ci riba. Gaskiyar magana ita ce naira ce ta faɗi. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya na kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500. Mu ɗauki misali don lissafi kawai: wani ya sayi mota a dala dubu 30 lokacin da dala ke 460, wato naira miliyan 13.8. Bayan shekara biyu darajarta a kasuwar duniya ta koma dala dubu 17, amma a canjin 1,500 sai ta zama naira miliyan 25.5. A ido ya kusa ninka kuɗinsa. Idan ya je sayen sabuwa irinta kuwa, miliyan 45 za a nema a hannunsa. Corolla tana riƙe darajarta ne saboda kowane makaniki ya san ta, kayan gyaranta na nan a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka, kuma masu nemanta sun fi masu sayarwa yawa. Motar lantarki ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan a ƙasarmu tukuna. Wanda ya saye ta da niyyar adana kuɗi zai iya shan mamaki, wanda kuma ya saye ta don ya rage kuɗin zirga-zirga na shekaru masu yawa, lissafinsa ya fi kusa da daidai.

Sai dai faɗuwar darajar nan tana da fuska ta biyu da ta shafe mu kai tsaye. Yawancinmu motar hannu muke saya, kuma asarar mai saye na farko a Amurka ko Sin ita ce arhar mai saye na biyu a Kano ko Abuja. Gwamnatin tarayya ma ta cire harajin VAT daga motocin lantarki a Oktoban 2024, ko da yake kuɗin jirgi da na kwastan da canjin dala suna nan suna jiran mai shigowa da ita. Arhar tana zama alheri ne kawai idan batirin lafiyayye ne.

Batirin mota, kamar na wayar da ke aljihunmu, yana rage riƙe caji da tsufa, amma a hankali fiye da yadda ake tsoro. Kamfanin Geotab na Kanada, wanda ke bibiyar dubban motocin aiki, ya gano raguwar tana kai kimanin kashi biyu cikin 100 a shekara. Yawancin masu ƙerawa suna ba da garantin shekara takwas ko kilomita 160,000, da alƙawarin gyara ko canji idan batirin ya sauka ƙasa da kashi 70. Mu lura dai, garantin da aka bayar a wata ƙasa ba lalle ne ya biyo motar zuwa nan ba, musamman idan ta shigo ta hannun ɗan kasuwa ba ta wakilin kamfani ba.

Babban abokin gabar batir zafi ne, mu kuwa zafi ba baƙonmu ba ne. A watan Afrilu, Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan haura digiri 40. Nissan Leaf, wadda ta fito a ƙarshen 2010, ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa, kuma tun a 2012 masu ita a jihar Arizona mai zafi suka fara kukan batirinsu na tsufa da wuri. Tana cikin mafi arha a kasuwar hannu, kuma arhar na da dalili. Motar da ke sanyaya batirinta da ruwa ta fi dacewa da ƙasarmu nesa ba kusa ba. Ajiye ta a inuwa, da guje wa barinta cike taf a rana, da rage yawan caji mai sauri, duk suna tsawaita ranta. Masu batir irin na nikel akan ba su shawarar tsayawa a kashi 80 don amfanin yau da kullum, masu LFP kuma ba su cika damuwa da cikawa ba.

Lafiyar batir abu ne da ake aunawa. Akwai 'yar na'ura da ake sokawa a kafar da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda makanikai ke amfani da ita wajen binciken mota da kwamfuta, ta aiko da bayani zuwa waya. A kan allon za a ga kashi nawa ya rage na ƙarfin batirin na asali, a ga kuma ko ɗakunan da ke cikinsa suna tafiya daidai da juna ko wani ya fara raguwa a baya. Dillalin da ya ce "wannan batirinta garau, jiya aka sauke ta" mai yiwuwa ne shi ma bai sani ba, domin fenti da kujeru yake gani. Mu nemi lambar, mu gani da idonmu. A kuma bincika tarihin motar da lambar jikinta, domin da yawa daga cikin motocin da ke zuwa mana daga gwanjon Amurka na haɗari ne ko na ambaliya. Motar fetur da ruwa ya ci akan iya lallaɓa ta, amma batirin da ruwan gishiri ya shiga yana iya kama wuta bayan kwanaki ko makonni, kamar yadda aka gani a Florida bayan guguwar Ian a 2022.

Akwai kuma maganar bakin caji, wanda ba iri ɗaya ba ne. Motocin kasuwar Sin na zuwa da GB/T, na Turai da CCS2, na Amurka da CCS1 ko irin na Tesla, tsofaffin na Japan kuma da CHAdeMO. A gida wannan ba babbar matsala ba ce tunda kowa zai kafa wanda ya dace da tasa, amma a tashar caji ta kan hanya yana iya zama, kuma zai shafi kuɗin da za a taya motar gobe.

Yanzu mu shiga gida, inda ake yanke hukunci na gaskiya. Matsakaiciyar mota na cin yunit 15 zuwa 20 a kowane kilomita 100. Mu ɗauki 20, saboda wani abu na salwanta wajen caji. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya daidaita a kusan 209. A wannan farashi tafiyar kilomita 100 ba ta kai naira 4,200 ba. Motar fetur mai shan lita takwas a wannan nisa, idan lita na naira 900, za ta ci 7,200. Rata ce mai kyau. Amma wanda zai dogara da ƙaramin janareta mai fetur, wanda da ƙyar yake ba da yunit biyu daga kowace lita, zai ƙona kimanin lita goma don ya samu wannan yunit 20 ɗin. Ya fi mai motar fetur kashe kuɗi, ga ƙara, ga hayaƙi. Mota ɗaya, farashi ɗaya a wurin dillali, amma riba ce a wata unguwa, asara a wata.

Ƙarfin wayoyin gidan ma abin dubawa ne. Cajar da ake jonawa a soket na bango tana jan kusan kilowat biyu da 'yan kai, don haka batir mai yunit 60 zai ɗauki fiye da yini da kwana kafin ya cika daga ƙasa. Cajar da ake kafewa a bango tana jan kilowat bakwai, ta cika shi cikin awa takwas zuwa tara, amma wannan nauyin na'urar sanyaya ɗaki biyar ko shida ne suna aiki lokaci guda, ba hutawa. Tana buƙatar layinta na kanta daga akwatin rarraba wuta, da waya mai kauri, da makashinta, da kuma wayar ƙasa mai kyau. Cajoji da yawa ba sa ma tashi idan ba su ji wayar ƙasa ba, ko idan wutar ta zo ba ƙarfi, abin da unguwanni masu cunkoso a kan taransifoma ɗaya suka sani sarai da magariba. Jona mota da doguwar wayar ƙari mai arha, irin wadda muke ja wa firji da talabijin, hanya ce ta gayyato gobara.

Ta yaya mutum zai san ko gidansa zai ɗauka? Da awo. Mitar kati tana faɗa mana abin da ya rage, amma ba ta faɗin wane ne ya ci, ko da ƙarfe nawa. Akwai ƙaramar na'urar awo mai baki kamar awartaki, wadda mai gyaran wuta zai maƙala a kan babbar wayar da ke shigowa gida ba tare da ya yanke ta ba. Tana jin ƙarfin abin da ke wucewa, ta aika zuwa waya ta intanet ɗin gida. Kamfanoni irin su Shelly suna yin ta, akwai kuma masu arha da ke aiki da manhajar Tuya. Idan aka kunna dutsen guga, nan take za a ga layin da ke kan allo ya yi tsalle da kilowat ɗaya ko fiye. Firji ya tashi, ya yi ɗan tudu ya koma. Hitar ruwa da wani ya manta a kunne tun asuba ta fito fili ba musu. Bayan wata guda mutum zai san awa nawa ake ba shi wuta a zahiri, ba abin da aka rubuta masa a takarda ba, da lokacin da take zuwa, da ƙarfinta, da mafi girman nauyin da gidan ke ɗauka. Masu sola da yawa suna da wannan bayani a manhajar inbatarsu, ba su dai taɓa buɗe shafin ba. A ganina wannan awo na wata guda ya fi duk wata shawarar da za a samu a bakin dillali, kuma kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. Ko wanda ba shi da niyyar sayen mota zai amfana, tunda galibi a nan ake kama tsohon firji ko famfon rijiya da ke cinye kati.

Daga awo sai sarrafawa, wato a sa na'urorin gida su riƙa kunna kansu da kashe kansu bisa ƙa'idar da aka gindaya musu. Ana iya ɗauka kayan ƙawa ne na masu hali, amma a ƙasar da wuta ke zuwa ba sallama ta tafi ba sallama, amfaninsa ya fi na Turai. Yawancin motocin suna da agogon caji a cikinsu, ana iya ce musu su fara ƙarfe ɗayan dare lokacin da unguwa ta yi barci wuta ta yi ƙarfi. Wasu cajojin suna sauraron na'urar awon: idan aka kunna abin sanyaya ɗaki sai su rage abin da suke ja, idan aka kashe su ƙara, ta yadda makashin gida ba zai faɗi ba. Ana kuma iya tsara cewa caja ba za ta taɓa tashi ba muddin gidan na kan janareta ko kan batirin inbata. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin batirin lithiyam na gida da aka fi sani yunit biyar yake ɗauka, motar kuwa za ta shanye shi cikin ƙasa da awa guda ta bar iyali a duhu.

Ga mai sola, rana tsaka ce lokacin caji. Faranti ɗaya mai wat 550 yana ba da kimanin yunit biyu da rabi a rana a yankinmu, idan ba ƙurar hunturu ta rufe shi ba. Mai tafiyar kilomita 40 kullum yana buƙatar wajen yunit takwas, wato ƙarin faranti uku ko huɗu, muddin motar na gida da rana. Ga ma'aikacin da ke fita da safe ya dawo da yamma, wannan sharaɗin shi ne matsalar, sai dai ya tara cajinsa a ƙarshen mako ko a samu wurin jonawa a ofis. Wasu motocin ma, irin su Hyundai Ioniq 5 da BYD Atto 3, suna iya mayar da wuta waje ta soket, kusan kilowat uku, wanda ya isa ya riƙe firji da fankoki da fitilu tsawon kwanaki idan an ɗauke wuta. Wannan ma daraja ce da ba a rubuta ta a jikin farashi.

Saboda haka kafin mu je wurin dillali, mu rubuta kilomita nawa muke yi a mako, domin mai yawan tafiya, kamar ɗan tasi ko mai kai yara makarantu biyu, shi ke saurin fanshe kuɗinsa, wanda motarsa ke kwana uku ba ta motsa ba kuwa faɗuwar daraja za ta cinye ɗan abin da ya tsimi a mai. Mu tambayi wanda zai gyara ta a garinmu, mu je mu gan shi, mu ji ko ya taɓa buɗe irinta, domin batirin na ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400 ko fiye, ba aikin da za a ba kowane rewaya ya gwada sa'a ba ne. Idan motar kasuwar Sin ce, mu duba ko allonta na iya komawa harshen da muke karantawa, da ko manhajarta za ta yi aiki da lambar wayar nan gida. Wanda ya riga ya saya kuma ya riƙa ɗaukar hoton awon lafiyar batirinsa duk bayan wata shida yana ajiyewa tare da takardun mota, domin ran da mai saye ya zo yana taya ta da tsoro, wannan ne zai ɗora masa a gaba.